Tumbi Ba Shaidar Arziki Ba Ne

A birnin Sakkwato akwai wata gaisuwa da muke yi wa juna wadda na daɗe ina jin tsoronta. Idan aka kwana biyu ba a ga mutum ba, sai aka gamu da shi ya cika riga, wuya ya yi kauri, tumbi yana riga shi shiga zaure, sai a tarye shi da fara'a: "Alhaji, lallai ana hutawa!" Idan amarya ce ta zo ganin gida, kumatu sun ciko, zobe ya matse yatsa, sai a ce ta yi sa'ar miji. Wanda kuwa aka ga jikinsa a ɗame, ana tambayarsa ne cikin tausayi, ko rashin lafiya ya yi, ko kasuwa ce ta juya masa baya. Ƙarar da na shigar a wannan rubutu a kan wannan ma'auni take. Mun mai da ƙiba shaidar wadata, mun mai da tafiyar ƙafa alamar talauci, kuma muna biyan kuɗin wannan kuskure da idanunmu da ƙodarmu da ƙafafunmu.

Ba daga littafi na fara koyon wannan darasi ba, daga kawuna na koye shi. Yana saurayi, fataucin albasa yake yi. Kullum da asuba yakan taka daga gida zuwa kasuwa, ya ɗora buhu, ya sauke buhu, ya sha fura da rana, ya ci tuwon gero da miyar kuka da dare. Da Allah ya buɗa masa, sai ya sayi mota, ya ɗauki yara masu ɗauke masa kaya, ya koma zama a kan kujera daga safe zuwa la'asar. Karin kumallonsa ya zama shayi mai kauri da burodi, abincin rana shinkafa da lemon kwalba, na dare ma haka. Dangi suka yi ta yi masa barka da hutu. Na taɓa yi masa maganar rage sukari, ya dube ni ya yi dariya, ya ce, "Yaro, mi kas sani? Wahalar da muka sha a baya ita muke ramawa." Bayan 'yan shekaru, ƙaramin miki ya fito masa a ɗan yatsan ƙafa, ya ƙi warkewa. Aka ce jifa ne, aka yi ta turare da shafe-shafe. Ranar da aka kai shi asibiti, likita ya ce ciwon sukari ne ya daɗe yana cin sa, kuma ba yadda za a yi sai an yanke ƙafar. Na kwana da shi a ɗakin jinya. Cikin masu yi masa barka da hutu, babu wanda ya ara masa ƙafa.

Abin da ya sami kawuna ba asiri ba ne, lissafi ne mai sauƙi. Abinci makamashi ne. Wanda jiki ya ƙona wajen aiki ya wuce, wanda ya rage kuma jiki ya ajiye shi a matsayin kitse. Kitsen da ke taruwa a ciki, wato wannan tumbin da muke yi wa kirari, shi ya fi haɗari, domin yana sa jiki ya daina jin maganar sinadarin insulin, wanda aikinsa shi ne kwashe sukari daga jini zuwa cikin tsoka. Idan sukari ya yi ta yawo a jini shekara da shekaru, sai ya lalata ƙananan hanyoyin jini na ido da na ƙoda da jijiyoyin ƙafa. Yawan gishiri da nauyin jiki kuma suna haɗuwa su tayar da hawan jini, wanda ba ya sallama kafin ya shigo. Mutum yana alwala sai ya faɗi, ɓarin jiki ya shanye, mu kuwa mu ce iska ce ta buge shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2022, mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da matsananciyar ƙiba. Mun daɗe muna ɗaukar wannan a matsayin ciwon Turawa. Duk wanda ya leƙa layin masu ciwon sukari da hawan jini a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko a Asibitin Ƙwararru, zai ga 'yan unguwarsu a zaune.

Mu dubi akushinmu. Ƙasar nan ƙasar gero ce da dawa da wake. Iyayenmu sun girma da tuwo da hoce da fura, da kwaɗon zogale da rama da tafasa, abinci mai dusa da ganye wanda ke daɗewa a ciki, yana sakin ƙarfi a hankali. Yau mun sa wa wannan abinci sunan cimar ƙauye. Mai hali shi ne wanda ke cin farar shinkafa da taliya da burodi sau uku a yini, a soya komai cikin mai, a zuba ɗunƙulen ɗanɗano a miya ba ƙidaya. Furar ma ba mu bar ta ba, sai mun ɗura mata sukari har ta koma alewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, kada kuma ya wuce kimanin giram 50 na sukari, in ma da hali ya tsaya a rabin haka. Robar lemo guda mai rabin lita ta kusa cinye wannan kason gaba ɗaya, wata ma ta wuce shi. Amma a wajen biki ko suna, wanda ya ba baƙo ruwa zalla marowaci ne. A dokar kuɗi ta 2021, gwamnatin tarayya ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi. Naira goma ba ta hana kowa sha ba, domin abin da ke tura mu ga kwalbar ya fi ƙishirwa ƙarfi: neman a ce mun isa.

Sai batun motsi. A yau magidanci zai hau kabu-kabu don tafiyar da ba ta kai minti goma ba, domin kada a gan shi a ƙasa a ce ya karye. A shekarar 1953, wani likita a Ingila mai suna Jeremy Morris ya fitar da sakamakon nazarin da ya yi a kan ma'aikatan motocin safa masu bene na birnin Landan. Ya gano cewa kwandastoci, waɗanda ke hawa da saukar matakala yini guda, ba sa kamuwa da ciwon zuciya kamar direbobi, waɗanda ke wuni a zaune. Mota ɗaya, hanya ɗaya, bambancin kawai wani yana motsi wani ba ya yi. Mu da muka gāji kokawa da dambe da langa, mu da kakanninmu suka yi fatauci a ƙafa daga nan har Gwanja, bai kamata sai wani ya zo daga Landan ya koya mana darajar tafiya ba. Abin da masana ke nema ba shi da yawa: minti 150 na tafiya mai ɗan sauri a mako, wato rabin awa a kwana biyar. Matan gida ma abin ya shafe su. Inji ya ɗauke musu daka da surfe da niƙa, kuma ba na fatan su koma wa waccan wahala. Sai dai an ɗauke aikin ba a maye gurbinsa da komai ba, an bar su da zama da talabijin da waya.

Mafi muni a cikin wannan al'amari shi ne ƙibar da ake saye da kuɗi. Wata ƙanwata, ana saura wata biyu bikinta, ƙawaye suka ce mata amarya ba ta shiga ɗaki kamar sillen kara. Suka kawo mata ƙwayoyin da ake kira "sha ka fashe". Sunan kaɗai ya isa gargaɗi. Yawancin irin waɗannan ƙwayoyi, ko dai maganin ƙaiƙayi ne da mura mai buɗe ciki da sa barci, irin su cyproheptadine, ko kuma dexamethasone, magani mai ƙarfi da likita ke rubutawa don cututtuka na musamman. Shi na biyun yana tara ruwa da kitse a fuska da ciki, yana tayar da sukari da hawan jini, yana raunana ƙashi da garkuwar jiki, kuma barinsa farat ɗaya ma haɗari ne. Ƙanwata ta yi kumatu, aka yi guɗa, aka ɗauki hotuna. Kafin shekara ta zagayo, tana asibiti. Wace irin al'umma ce ke sa 'ya'yanta mata su sha cuta domin a ce sun yi kyau?

Na san abin da za a ce mini. Za a ce, a jihar da yara ke fama da tamowa, maganar ƙiba maganar ƙoshi ce. Ban manta ba. A cikin birnin nan Asibitin Yara na Noma yake, wanda aka kafa a 1999 domin cutar da ke cin fuskar yaran da yunwa ta raunana. Amma yaron da ya rame da mahaifin da ya yi teɓa sau da yawa gida ɗaya suke kwana. Maigida ya tsaya wajen mai shayi ya ci ƙwai, ya wuce wajen mai tsire da dare, yara kuwa su wuni da kunu tsurarsa. Kuɗin lemon da ake sha a mako zai sayi wake da gyaɗa da ƙwai da yaro ke bukata don ya girma. Tamowa da teɓa 'ya'yan uwa ɗaya ne, uwar kuwa ita ce rashin sanin darajar abinci.

Za a ce zafin Sakkwato ba ya barin motsa jiki. Gaskiya ne, a watannin bazara zafi kan haura digiri 40. Amma akwai bayan sallar asuba, akwai bayan isha'i, akwai watannin hunturu. Manomin fadamar Kwalkwalawa a cikin wannan rana yake aiki. Za a kuma ce ciwo gādo ne, ko ƙaddara ce. Gādo yana da hannu, ba na musu, akwai ma masu ƙibar da ba cin abinci ne ya jawo musu ba. Sai dai wani babban bincike da aka fitar a Amurka a 2002, a kan mutanen da ke dab da kamuwa da ciwon sukari, ya nuna cewa gyara cima da motsa jiki da rage ɗan nauyi sun rage kamuwa da cutar da kashi 58 cikin 100, fiye da abin da ƙwayar magani ta yi. Batun ƙaddara kuwa, wanda ya kafa birnin nan a 1809, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya san ta fiye da mu, amma hakan bai hana shi zama ya rubuta littattafai a kan cututtuka da magungunansu ba. Tun muna makarantar allo aka koya mana cewa ciki kashi uku ne, kuma abinci kashi ɗaya kawai yake da shi.

Ba ina kira a yi wa masu jiki dariya ba ne, ba kuma ina tallar shayin rage ƙiba da ake yawo da shi a waya ba, domin shi ma wani tarkon ne. Kirana a sauya abin da muke yabawa. Limamai su sa lafiyar jiki cikin huɗuba kamar yadda suke sa amana, domin jiki ma amana ne. Hukumomin da ke kula da magunguna su hana sayar da ƙwayoyin ƙiba ba tare da takardar likita ba. A buɗe filin wasa na Giginya da filayen makarantu ga masu tafiyar safe, a keɓe wa mata wuri da lokacin da ya dace da mutuncinsu. Duk wanda ya haura shekara 40 ya auna jininsa da sukarinsa ko da yana jin garau. Uwar gida ta dawo da zogale da wake kan faranti ba tare da jin kunya ba.

Kawuna yana raye. Da yamma akan fito da shi ƙofar gida, ya jingine sandunansa a bango. Kwanan baya wani abokinsa ya sauko daga mota yana haki, jama'a suka tarye shi da "ana hutawa". Kawu bai ce uffan ba sai da aka watse, sannan ya kamo hannunsa ya zaunar da shi kusa, ya ce, "Alhaji, gobe ka bar motar nan a gida, ka tako ka zo mu gaisa. Ni da za a mayar mini da tawa ƙafar, har Wamakko sai in je a ƙasa."