Wasiƙa ga ma'aikatan lafiya na Funtuwa da Malumfashi kan maganin tsinka jini kafin tiyatar zuciya

Zuwa ga likitoci, ma'aikatan jinya da masu kemis.

Majinyacin da aka sa wa ranar tiyatar zuciya, ko ta hannun asibitin koyarwa na Shika ko na Malam Aminu Kano, ko a cibiyar Salam ta Khartum wadda ta fara aiki a 2007, yakan koma gida ya jira, kuma a wannan zaman jiran ma'aikacin da ke kusa da shi yake tambaya ko ya daina shan maganin tsinka jini, wato maganin da ke hana jini yin guda a cikin jijiya. Amsa da ka tana da haɗari ta kowace fuska, domin dainawa da wuri tana iya jawo gudan jini da shanyewar ɓarin jiki, ci gaba da sha har ranar aiki kuwa yana iya jawo zubar jinin da zai yi wuyar tsayawa.

Magungunan ba hukuncinsu ɗaya ba. Asfirin galibi ana barin mai toshewar jijiyoyin zuciya ya ci gaba da shi. Clopidogrel akan dakatar da shi kwana 5 kafin aiki. Warfarin, wanda yawancin masu lalacewar ƙyauren zuciya da bugun zuciya marar tsari ke sha, shi ma akan tsayar da shi kimanin kwana 5, a riƙa duba INR, wato ma'aunin jinkirin daskarewar jini, sannan a cike giɓin da allurar heparin ga wanda haɗarinsa ya yi yawa, musamman wanda aka sa wa ƙyauren zuciya na ƙarfe. Sanya ranar dainawa haƙƙin likitocin da za su yi aikin ne, kuma bai dace wani ya yanke ta a kan tebirin kemis ba.

Aikin da ya rataya a wuyan ma'aikacin karkara shi ne bincike da rubutu, kuma a nan aka fi sakaci. Manomin da ya wuni yana cirar auduga ko sussukar masara yakan sayi diclofenac ko ibuprofen don ciwon jiki, ba ya kuma lissafa su cikin magani idan an tambaye shi, alhali suna ƙara zubar jini. Flagyl da Septrin suna ƙara wa warfarin ƙarfi, yayin da yawaita kwaɗon zogale ko miyar alayyafo kwatsam ke rage masa, saboda sinadarin bitamin K da ke cikin ganye. Ya wajaba a tambayi waɗannan da sunayensu, har da jiƙo da sassaƙe, a rubuta sunan kowane magani da dalilin shansa da ranar shan ƙarshe da sakamakon INR na baya-bayan nan, a damƙa wa majinyaci takardar ya tafi da ita.