A Ba Kowane Yaro Shukarsa

Ya ku iyayenmu maza da mata, da ku ɗalibai, yau maganarmu a kan wani abu ce da muke tsallakewa kullum ba mu kula ba, wato ruwan alwala.

Ku tsaya a wurin alwala na kowace Islamiyya a cikin garin Daura da la'asar, ku duba. A ce ɗalibai 200 ne, kowa ya ƙarar da lita 1 kacal. Lita 200 ke nan, jarka 8 irin ta 'yan ga-ruwa. Ruwa ne mai tsabta, ba sabulu ba omo, amma sai ya gangara kwata ya kwanta, sauro ya sami wurin ƙwai. Wannan fa a garin rijiyar Kusugu ne, inda labarin kaka da kakanni ya ce a da ba a samun ɗibar ruwa sai ranar Juma'a!

Ra'ayina shi ne a karkata ruwan nan zuwa 'yan fangaloli a gefen katanga, sa'an nan a ba kowane ɗalibi shuka tasa ta kansa, a kafa ɗan allo a gindinta da sunansa da sunan shukar, da Ajami da boko. Na ce tasa ta kansa. Lambun da aka ce na kowa ne, ba wanda zai ba shi ruwa. Kuma don Allah malamai, kada a mai da shi wurin horo. Yaron da aka saba miƙa wa fartanya saboda ya makara, to har ya girma yana ganin fartanya ƙanwar bulala ce.

Yaro ba shi da haƙurin manya, saboda haka a fara masa da abin da ke saurin nuna kansa. Alayyahu cikin kamar mako 4 an fara tsinka. Na'a-na'a ba ta bukatar iri, reshe za a karyo a dasa a ƙasa mai laima, ko da a tsohon bokiti ne. Ga yakuwa, ga rama, ga ɗoɗɗoya. Sai zogale, wanda ƙwayarsa kan tsiro cikin mako 1 zuwa 2. Idan ya kai ƙirjin yaro a datse kansa don ya yi rassa, in ba haka ba sai ya miƙe sama kamar gora, ganyen ya fi ƙarfin hannu. Taki kuwa, kashin awaki da ya ruɓe ya isa. Ranar da yarinya ta kai wa mahaifiyarta ganyen da ta shuka da hannunta, aka kwaɗanta shi da ƙuli-ƙuli aka ci a gidan, ba sai an sake yi mata wa'azin lambu ba.

Iyaye, akwai wani karatu da ba ya cikin littattafanmu, yana bakin kakanninsu. Tsohuwa ta san tafasa da lalo tun suna ganye biyu, ta san sabara da kalgo da amfanin kowanne. Jikanta kuwa ya san sunayen 'yan ƙwallon Ingila kaf, amma ba ya rabe magarya da aduwa. Ku tura su wurin Kaka da ganye a hannu su tambayo suna, su rubuto. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don a cikin tsirran nan akwai masu kisa. Zaƙami, ba a banza ake ce masa haukata-yaro ba. 'Ya'yan bini-da-zugu, wanda ake shinge da shi, suna kama da gyaɗa, yara kan ci su kama amai da gudawa. Ƙwayar zurma guba ce, ruwan tumfafiya kuma na ɓata ido. Ku kuma ɗalibai, sanin sunan ganye bai mai da ku masu magani ba. Kada ku jiƙa ko ku dafa wani abu ku sha ba da sanin manya ba, zazzaɓi mai zafi kuwa asibiti ake kai shi.

Sanin tsiro yana da wata fa'ida da ta wuce tukunyar miya. Wanda ya bi ta Kongolom ya tsallaka Nijar, ya nufi Matamaye da Damagaram, zai ga gawo cike da gonakin gero. Mafi yawansa ba dasa shi aka yi ba. Bayan farin 1984 manoma a can suka riƙa barin tsiron da ya fito da kansa da tohon kututture, suna rage masa rassa maimakon sarewa. Shi ne ake kira sassabin zamani, wanda wani mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, ya taimaka wajen yaɗa shi a yankin Maraɗi tun 1983. Masana sun ƙiyasta itatuwa kimanin miliyan 200 a kan kadada miliyan 5. Ƙasarsu irin tamu ce ta Mai'aduwa da Zango da Ɓaure, rairayi ne da damina ta 'yan watanni. Amma fa sai ka gane ɗan gawo yana tsawon yatsa kafin ka kauce masa da fartanya, kuma da ƙuruciya ake koyon wannan.

Na san wani zai ce, "Malam, mun turo su karatun Alƙur'ani ne, ba noma ba." Gaskiya ne, kuma ba a ce a taɓa lokacin hadda ba, minti 10 kafin a tashi ya wadatar. Ban da haka, Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas ɗan Malik hadisin da ke nuna cewa abin da Musulmi ya shuka, in mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci, sadaka ce gare shi. Yaran nan suna haddace irin wannan, me zai hana su aikata?

Matsala ta gaske biyu ce: akuya, da ranakun Alhamis da Juma'a da ba a karatu. Akuya maganinta ƙayar magarya ko tsofaffin tubala a zagaye. Kwana biyun nan kuwa sai a raba wa ɗaliban da gidajensu ke kusa, bi da bi, a liƙa sunayensu a ƙofar aji. Idan hutu ya zo, abin da ke cikin bokiti kowa ya ɗauki nasa ya tafi da shi gida. Iyaye, ku fara tara mana ƙwayar zogale da tsofaffin bokitai tun yanzu. Wassalam.