Manhajar da aka biya da kuɗin jama'a ta zama mallakar jama'a

A ƙarshen kowane wata, ma'aikatan lafiya na karkarar Dakoro, har da na Korahane, sukan haɗa alƙaluma: yara nawa aka yi wa rigakafi, mata nawa suka zo awon ciki, mutum nawa zazzaɓin cizon sauro ya kwantar, yara nawa tamowa ta kama. Alƙaluman nan suna ƙarewa ne a cikin DHIS2, manhajar da ma'aikatar lafiya ta Nijar ke tattara bayanan ƙasa da ita. Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ce ke jagorancin gina ta, ƙasashe fiye da 70 suna aiki da ita, kuma buɗaɗɗiya ce: kowa na iya duba yadda aka rubuta ta, ya gyara, ya ƙara, ba tare da ya biya kuɗin lasin ba. Ashe gwamnatinmu ta riga ta ɗora ɗaya daga cikin manyan ayyukanta a kan irin wannan manhaja. Mu a wannan jarida muna son abin ya zama ƙa'ida a dukkan ma'aikatu, kuma a ware masa kuɗi a kasafin ƙasa.

Dalilinmu na farko mun gan shi da idonmu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba mana takunkumi, aka rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wuta, masu tallafi da dama suka dakatar da kuɗinsu. A Janairun 2025 kuma Amurka ta tsayar da mafi yawan agajin da take bai wa ƙasashen waje. Ƙasar da ta sha wannan ba za ta ajiye rajistar haihuwa da lissafin haraji a cikin manhajar da wani kamfani zai iya rufewa daga nesa, ranar da lasin ya ƙare ko siyasa ta juya, sannan ta ce ta mallaki kanta ba. Zanen aro ba ya rufe katara.

Akwai kuma maganar tsofaffin kwamfutoci. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, alhali injuna masu yawa ba za su ɗauki Windows 11 ba. Ƙaramar hukuma irin Korahane, wadda kuɗin shigarta ba su wuce harajin kasuwa da na jama'a da ɗan abin da Yamai ta turo ba, ina za ta samo kuɗin sababbi? Kwamfutar da aka ce ta tsufa tana iya ƙara shekaru da buɗaɗɗun manhajoji irin su Linux da LibreOffice. Jandarmomin Faransa sun yi shekaru suna aiki da Linux, jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ma ta sanar a 2024 cewa za ta mai da kwamfutoci kusan 30,000 kan LibreOffice. Masu kuɗin ma suna tsimi, balle mu.

Sai dai kada wani ya ruɗe mu da kalmar kyauta. Lasin ne kawai ba a biya. Mai girka manhajar, mai koyar da sakataren ofishin magajin gari, mai zuwa idan ta tsaya, duk albashi suke ci. Birnin Munich ya yi shekaru a kan Linux, amma a 2017 majalisarsa ta yanke shawarar komawa Windows. Mu kuma cutarmu sananniya ce: aikin tallafi ya zo da kwamfuta da faranti mai hasken rana da horon 'yan kwanaki, wa'adinsa ya cika, batir ya mutu, injin ya koma cikin kwali, ma'aikaci ya koma kan rajistar takarda. Nan ne ya kamata kuɗin gwamnati su shiga, wato wajen ɗaukar ƙwararru na dindindin a Dakoro, waɗanda za su hau babur su kai Korahane a yini guda. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi tana yaye matasa kowace shekara, da yawansu suna zaune ba aiki.

Ko a batun ƙasa, wanda ya fi komai zafi a yankin, amfanin a fili yake. Dakoro tana inda gona ke haɗuwa da makiyaya, kwarin Tarka kuma ya daɗe yana jawo gardama tsakanin manoma da masu kiwo. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye domin su tantance gonaki da burtali da rijiyoyi. Da manhajar taswira ta QGIS, wadda ita ma buɗaɗɗiya ce, kwamitin ƙaramar hukuma zai iya zana burtali, ya adana, ya nuna wa hakimi da ardo a zama ɗaya. Taswirar ta zauna a hannun hukuma, kada ta bi wani ɗan kwangila zuwa ƙasarsu.

Akwai hukumar da aka ɗora wa zamanantar da ayyukan gwamnati, kuma a 2020 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 100 domin shirin kai sadarwa ƙauyuka. Kai intanet ƙauye aiki ne mai kyau, amma dole a tambayi abin da zai bi ta kansa da wanda ya mallake shi. Ƙasar Suwizalan ta yi doka a 2023 da ta wajabta wa hukumomin tarayya su buɗe manhajar da aka rubuta musu, sai inda tsaro ko haƙƙin wani ya hana. Muna kira ga hukumar zamanantar da ayyukan gwamnati da ma'aikatar kuɗi su sa irin wannan sharaɗi a kowace kwangila: kamfanin da aka biya ya miƙa wa gwamnati asalin rubutun manhajar da bayanin yadda take aiki kafin a ba shi cikon kuɗinsa, domin abin da aka gina wa wata ƙaramar hukuma sauran su ɗauka ba tare da an sake biya ba.