Motar iyali a Zamfara: mai kyau ita ce wadda ba ta mutuwa a hanya

Duk wanda ya saba tsayawa bakin titi a Gusau da yamma ya san wannan hoton: maigida a kan Boxer, yaro ɗaya a kan tanki, ɗaya a tsakiya, uwargida a baya da goyo, ga leda rataye a hannu. Haka yayana ya yi shekaru yana shigowa gari daga Karakkai. Da matarsa ta samu ciki na huɗu, kuma likita ya ce ta rage hawa babur, sai ya haɗa kuɗin waken suya da na sa guda da abin da ya kwasa a adashe, ya ce mota zai saya. Ni da nake ɗan makaranta mai riƙe waya, ni aka ɗora wa aikin bincike. Wata biyu muka yi muna yawo, kuma abin da na gani ya sa na ce bari in kawo maganar nan, domin da yawanmu ko dai muna shirin aure, ko muna da yayyen da suke cikin irin wannan hali.

Me ya sa motar hannu ta koma zinare?

Bari mu fara da kuɗi, tunda a nan kowa yake yin tuntuɓe. A ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuma zuwa Oktoba 2024 ta wuce 1,000 a wurare da dama. Ta ɗan sauko daga baya, amma ba ta ko kama hanyar komawa inda ta fito ba. A watan Yuni na 2023 ɗin kuma Babban Banki ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024.

Motar da muke kira tokumbo ko 'yar Beljiyam da dala ake sayo ta, da dala ake biyan jirgin ruwa, kuma kwastam da farashin dalar ranar suke lissafa harajinta. Ka ga sau uku ke nan dala ta taɓa ta kafin ta iso Gusau. Tsohuwar hanyar da Arewa ta saba da ita, wato Kwatano zuwa Nijar zuwa Maraɗi, ita ma ta toshe. Tun 1 ga Janairu 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, sannan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 ya jawo rufe iyakar Nijar da Benin. Da tokumbo ta fi ƙarfin mutane, kowa ya juya kan motar da aka riga aka hau a gida, ita ma sai ta yi tashin gwauron zabo. Shi ya sa za ka ji mutum ya sayar da motarsa fiye da yadda ya saye ta bayan ya mora shekara huɗu.

Ma'anar wannan ga mai iyali ita ce, yanzu ba a kuskure sau biyu. Da can in ka sayi rubabbiya, ka yi haƙuri ka sayar ka ƙara kuɗi ka canza. Yau in ka faɗa, ka faɗa ke nan.

A nan, lalacewar mota maganar tsaro ce

Yawancin bidiyon shawarar mota da muke kallo a TikTok da YouTube mutanen Legas da Abuja ne suke yin su. Wanda motarsa ta tsaya a Wuse zai kira bakanike, ya shiga inuwa ya sha lemo. To ka kwatanta da wanda tasa ta yi zafi tsakanin Tsafe da Yankara ƙarfe biyar da rabi na yamma, da mace da yara uku a ciki. Ba sai na yi wa ɗan Zamfara bayani ba. A 2024 gwamnatin jiha da kanta ta taƙaita zirga-zirgar dare a kan iyakokinmu da Katsina da Sakkwato saboda abin da ke faruwa a hanyoyin nan. Kuma ba mu manta da Satumba 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a jihar baki ɗaya. Wanda motarsa ta mutu a lokacin, ko kiran gida ba zai iya ba.

Sannan ka tuna dalilin sayen motar tun farko. Ga mutumin Karakkai ko Kwatarkwashi ko wani ƙauyen Bungudu, babbar ranar motar iyali ita ce daren da naƙuda ta tashi, ko yaro ya fara suma da zazzaɓi, ana buƙatar a kai Asibitin Tarayya na Gusau ko Yariman Bakura. A wannan daren babu ruwan kowa da kujerar fata ko allon kallo a gaba. Abu ɗaya ake so: a murɗa makulli ta tashi.

Don haka tambayar farko ita ce, wace mota ce ba ta cika tsayawa ba? Ta biyu, in ta tsaya, akwai wanda zai gyara ta a garinmu, kuma akwai kayanta a Gusau ba sai an aika Kano ko Kaduna ba? Ta uku, aljihuna zai iya ciyar da ita?

Motocin da ke kasuwa

Corolla ta 2003 zuwa 2008 ita ce wadda kusan duk bakaniken da muka tambaya ya fara ambata. Injinta 1.8 ne, ba ta da shan mai, kuma sarƙa ce ke juya taimin ɗinta maimakon bel, wato an rage maka abu ɗaya da ke tsinkewa ba sallama. Aibinta shi ne kowa ya san haka, don haka tsada gare ta, kuma ɓarayi ma suna son ta.

Pontiac Vibe da Toyota Matrix, da yawa ba su san cewa kusan mota ɗaya ce ba, kuma ƙananansu injin Corolla ne a ciki. Kamfanin Pontiac ya daina aiki tun 2010, amma hakan bai hana samun kayan injin ba tunda na Toyota ne. Rufinsu ya fi tsawo, kujerun baya suna kwantawa, buhun masara yana shiga ba rigima. Sai dai ka lura, akwai masu jan ƙafa huɗu a cikinsu. Waɗannan sun fi shan mai, kuma abin lalacewa ya fi yawa.

Peugeot 406 tana da masoya a Arewa, har a Kaduna an haɗa ta, kuma wajen daɗin zama da riƙe hanya sai a hankali. Amma tana son bakanikenta na musamman da mai gyaran wuta da ya san ta, kuma bel ɗin taimin ɗinta in ka manta da shi, ranar da ya tsinke injin zai tafi da shi. Honda Accord da samari ke kira EOD tana da kyau a ido, tana da gudu, amma duk wanda ya taɓa ganin Honda a gefen titi tayar gaba ta kwanta ya san ƙafarta ba ta son ramuka da sakaci. Golf 3 kuwa kayanta kamar ƙasa, kowane gareji an iya ta, sai dai motar shekarun 1990 ce, kuma yawancin waɗanda ake sayarwa sun gama wahala a tasha kafin a yi musu fenti. Sienna tana ɗaukar iyali duka har da kaka, amma yawancinsu silinda shida ne, kuma gidan mai ne zai faɗa maka bambancin.

Ga lissafi mai sauƙi, misali kawai. A ce kana tafiyar kilomita 1,000 a wata, lita kuma naira 900. Motar da ke cin kilomita 12 da lita ɗaya za ta sha wajen lita 83, kusan naira 75,000. Wadda ke cin kilomita 8 za ta sha lita 125, naira 112,500. Bambancin naira 37,500 ne duk wata, fiye da rabin mafi ƙarancin albashi na 70,000 da aka sa wa hannu a Yuli 2024. Ka kuma lura, ko mai tattalin ma ta cinye albashin nan gaba ɗaya. Wannan lissafin ne ya sa yayana ya cire Sienna daga ransa, duk da matarsa ita take so.

Yadda muka kusa faɗawa

Wani dillali ya turo mana bidiyon wata mota a WhatsApp, tana sheƙi, farashinta kuma ƙasa da na sauran sosai. Ya ce mai ita tafiya ce ta taso masa, in ba mu tura wani abu yau ba gobe wani zai ɗauka. Yayana har ya fara danna waya. Wani kawunmu tsohon direba ne ya ce ba a cinikin biri a sama, mu je da bakanike.

Da muka je, bakaniken bai ko kalli fentin ba. Kafet ya ɗaga, sai ga busasshen laka da tsatsa a ƙarƙashin kujera, ga warin danshi da aka danne da turare. Ruwa ta sha. Irin waɗannan motocin da ambaliya ta cinye a Amurka, kamfanonin inshora kan yi gwanjonsu da araha, a kawo su nan a wanke. Wata biyu za ta yi maka lafiya, daga nan wuta ta fara hauka, yau gilashi ya ƙi sauka, gobe ta ƙi tashi. Da gaske ne araha ba ta ado.

Daga ranar na koyi tsarin dubawa, kuma ga shi a taƙaice. Ka je da bakanikenka, wanda kai za ka biya, kada ka yarda da wanda dillali ya kawo. Ka je da safe, ka tabbatar injin a sanyaye yake kafin a tayar, domin injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye ƙara da hayaƙi. Shuɗin hayaƙi a salansa alama ce tana ƙona baƙin mai. A buɗe murfin baƙin mai, in ka ga wani abu kamar madara, ruwa na haɗuwa da mai, ka kama gabanka. A duba lagireto da fanka, tunda zafin Afrilu a Zamfara ba ya raga wa mota. A sa mata kwamfuta. A leƙa ƙasa a ga ko an cire abin nan na cikin salansa da ake kira indomi, don ana yanke shi a sayar. A hau ta a titi mai kyau da kuma hanyar burji, a ji yadda giya ke shiga da yadda ƙafa ke amsa rami. Ka kalli tsayinta daga ƙasa, ka tuna hanyar garinku a watan Agusta. Tayoyi ma suna da shekaru: lamba huɗu ce a jiki, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Kada ka dogara da kilomitar da ke kan allo, ana mayar da ita baya.

Takardu su ne rabin motar

Lambar shasi, wadda haruffa da lambobi 17 ne, dole ta zama iri ɗaya a jikin mota da takardar kwastam da ta mallaka. In tokumbo ce daga Amurka, ana iya sa lambar a intanet a ga tarihin haɗarinta, har da hotunan gwanjo wani lokaci. Motar da ba a biya mata haraji ba, kwastam na iya kama ta a hanya ko bayan shekaru, kuma ba za su tambayi dillali ba, kai za su tambaya. In ta hannu ce, a rubuta yarjejeniya da shaidu, a ga mai ita ido da ido, a canza suna. A jihar da ake fama da matsalar tsaro, hawa motar da ba ka san tarihinta ba na iya kai ka inda ba ka zata ba. Sai inshora: tun Janairu 2023 mafi ƙanƙantarta ta koma naira 15,000 daga 5,000, kuma 'yan sanda sun fara matsa lamba a kanta tun Fabrairu 2025. Ka yi ta gaske, kada ka karɓi takardar bogi a bakin titi.

Wani abu da ya ba ni mamaki shi ne, kalmar tokumbo ba ta da tabbacin komai. Motar wani ma'aikaci da ka sani, ka san bakanikensa, ka san ba ya wasa da juyen baƙin mai, ta fi wadda ta sauka jiya ba wanda ya san abin da ta gani.

Kada ka kashe kuɗin duka

Kuskuren da na ga ya fi yawa shi ne a zuba komai a ciniki, a dawo gida aljihu wayam. Kowace motar hannu tana zuwa da bashinta: taya, batir, birki, juyen mai, rajista, la'adar dillali. Shawarata, ka ware aƙalla kashi ɗaya cikin biyar na kuɗinka kafin ka fara taya mota. In abin da ya rage bai kai na mai lafiya ba, ka jira kaka mai zuwa. Babu kunya a ciki. Kunya ita ce mota a ƙofar gida an jera mata duwatsu, kaji na kwana a ƙarƙashi, ga bashi.

Mu matasa mu ma muna da laifi a nan. Mu ne muke zuga yayyenmu da angwaye cewa wannan ta tsufa, waccan ba aji, sai mai manyan fitilu. Wanda zai yi maka tafi a Facebook ranar da ka ɗora hoton makulli ba ya nan ranar da za ka tura ta a Magazu.

Yayana dai a ƙarshe Vibe ya saya a hannun wani malamin makaranta da ya yi ritaya. Fentinta ya koɗe, rediyonta sai an buga. Ya canza tayoyi huɗu da birki da batir da kuɗin da ya rage, ya kuma kafa doka cewa yara a baya suke zama, ba a cinya a gaba ba. Ranar da matarsa ta tashi haihuwa, da asuba ne. Ya murɗa makulli sau ɗaya ta tashi. An samu mace, Allah Ya raya.

Ku fa, wace mota ce ta riƙe muku amana a hanyoyin nan namu, wace ce kuma ta ba ku kunya? Akwai wani ango yana can yana lissafi, amsarku za ta yi masa amfani.