Daga Rumfata: A Taɓa Garaya Ko A Bar Ta Yadda Take?

Yau ba farashin masara ko na shanu zan taɓo ba. Muhawara ce da take yawo a rumfunanmu nan Tignère har Garwa: samari na so a sa wa garaya da molo waya a haɗa su da lasifika, dattawa kuma sun ce a bar su yadda aka gaje su.

Wannan gardama har wajen Turawa akwai ta. A 1951 Leo Fender ya fitar da Precision Bass a Amurka, wato gitar nan mai kaurin murya da tsirkiya huɗu, a 1960 ya ƙaro Jazz Bass. Har yau ana ƙera su kusan da siffarsu ta asali, amma an samu masu tsirkiya biyar da shida. Ɗan ƙasarmu Richard Bona, wanda duniya ta san shi da wannan gita, yakan kaɗa mai biyar. Shi ɗin ma yana yaro da wayar birkin keke ya yi wa gitarsa tsirkiya.

Mu dawo gida. Kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, gwangwanin kifi ne aka rufe da fatar akuya. To gwangwani dai ai ba kakanninmu suka ƙera shi ba, kanti ya kawo shi. Wa ya taɓa cewa kuntigi ba namu ba ne? Ashe abin da muke kira gado, shi ma wani ne ya taɓa sabunta shi.

Amma dattawa na da tasu gaskiya. Fatar da ke kan ƙoƙon garaya ita ke ba ta wannan amon. Goge kuwa da izgar doki yake kuka. In ka sauya su da roba, siffa ta rage, murya ta tafi, kamar ka sayar wa mutum kwalin shayi babu ganye a ciki.

Ni dai a ganina, a gyara duk abin da ke wahalar da makaɗi: tsirkiyar da ba ta saurin tsinkewa, da ɗan makirufo domin na bayan fili su ji. Abin da ke fitar da amo kuwa, ƙoƙo da fata da izga, a ƙyale shi.

Dalilina shi ne 'ya'yanmu da ke tashi a Duwala da Yawunde. In garaya ba ta iya shiga taron biki saboda lasifika ta danne ta, fiyano zai maye gurbinta, masu ƙera ta su rasa ciniki su bar sana'ar. In kuma aka lalata muryarta, yaran za su gaji suna ne kawai.

Don haka mai aurar da ɗa ko 'ya a bana, ya gayyaci mai garaya tare da mai fiyano, ya kuma biya shi da daraja. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.