RA'AYINMU: Kada Yunwa Ta Sayar Da Gonar Mai Gudun Hijira

Tun da Rasha ta afka wa Yukren a watan Fabrairun 2022, mutum fiye da miliyan 6 suka tsere zuwa ƙasashen waje, da yawansu Jamus da Folan. Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya takan tambaye su ko suna da niyyar komawa, ta kuwa tarar masu wannan niyya suna raguwa shekara bayan shekara. Yara sun shiga makaranta, iyaye sun sami aiki, gida sai ƙara nisa yake yi. Hausawa dai sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Mu mutanen ƙasar Yawuri ba baƙin wannan labari ba ne. Da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, an tashi mutum fiye da dubu 40, har da Gungawan da ruwa ya cinye tsibiransu. Waɗannan ba su da wurin komawa. Amma waɗanda 'yan bindiga suka kora daga ƙauyukan Ngaski da Shanga, musamman bayan harin makarantar Birnin Yawuri na 17 ga Yuni 2021, gonakinsu suna nan. Tsoronmu shi ne kada yunwa ta sa magidanci ya sayar da gonarsa a kuɗin 'yan buhunan dawa. Ranar da ya sayar, ranar ya rufe hanyar gida.

Mu tuna da Annabi Irmiya. A sura 29 ya shawarci waɗanda aka kai bauta Babila su gina gidaje su yi shuka a can. A sura 32 kuma shi kansa ya sayi gona a Anatot, ana tsakiyar yaƙi, ya adana takardar. Ashe zaman baƙunci da begen komawa ba sa hana juna.

Saboda haka muna roƙon kowace ikkilisiya ta keɓe baikon hatsi a kakar bana domin waɗannan iyalai, Kirista da Musulmi. A sa yaransu makaranta. Dattawa su haɗa kai da dagatai a rubuta gonar kowa da iyakarta. Kada kuma a matsa wa kowa ya koma kafin gwamnati ta tabbatar da tsaro.

Ubangiji ya mayar da kowa gidansa lafiya. Amin.