Lambar da ke jikin buji: abin da ya kamata ɗan gareji ya koya a aji

Tun bayan fitowar fim ɗin The Fast and the Furious a 2001, samari suka san wata kwalba da direba ke danna maɓallinta mota ta zabura. Yau bidiyon irin waɗannan motoci ya cika wayoyin yaranmu a Tanout da Belbeji, kuma malamai da yawa suna kallon abin a matsayin shiririta. Ni kuwa ina ganin yaron da ya tambayi abin da ke cikin kwalbar nan ya buɗe wa malami ƙofar darasi, kuma bai kamata a rufe ta ba.

Iskar da ke ciki ita ce N2O, wadda Joseph Priestley ya gano a 1772. Idan ta shiga inji ta yi zafi kusan digiri 300, sai ta rabu ta saki oksijin. Kashi 36 cikin ɗari na nauyinta oksijin ne, iskar da muke shaƙa kuwa kusan kashi 23 take da shi. Ƙarin oksijin na nufin a ƙone ƙarin mai, daga nan ƙarfi ke fitowa, tare da zafi da matsi masu yawa. Shi ya sa mai haɗa irin wannan inji yake sauya buji, wanda a Najeriya ake kira fulogi. Yana sa mai saurin fitar da zafi, ya rage tazarar bakinsa don matsi kada ya kashe tartsatsin, ya kuma jinkirta lokacin tashin wuta, yawanci digiri 2 a kan kowane ƙarin ƙarfin doki 50. In ya yi sakaci, bakin bujin zai yi ja ya kunna mai kafin lokaci, fiston ya huje.

Garejinmu ba na motocin tsere ba ne, amma dokar ɗaya ce a kan babur ɗin kabu-kabu da janareto. Bakin buji yana son zafi tsakanin digiri 500 zuwa 800. Ƙasa da haka baƙin hayaƙi ya rufe shi, sama da haka ya fara cin inji. Lambar da ke jikinsa ita ke faɗin wannan. A bujin NGK kamar C7HSA ko D8EA, 7 da 8 ɗin nan ma'aunin zafi ne, kuma lamba babba tana nufin buji mai sanyi. A Bosch da Champion abin a juye yake. Yaron da bai san haka ba, abin da zai duba kawai shi ne ko zaren ya shiga ramin. Ya ɗaura, babur ya tashi, kowa ya yi murna, ɓarnar sai daga baya.

Wa ke biyan kuɗin? Manomin da ya sayar da geron Damargu ya sayi babur, ko direban da motarsa ta mutu da rana tsaka a hanyar Agadas, tsakanin Tanout da Adarbisanat.

Iyaye da yawa suna cewa boko ba ta ba da aiki, gara yaro ya tafi wurin ubangida ya koyi sana'a. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, domin babu ajin da zai koya wa hannu riƙon sifana kamar gareji, kuma akwai makanikan da kunnensu kaɗai ya isa su gane ciwon inji. Amma cire yaro daga aji kafin ya iya karanta haruffa da lambobi rage masa jari ne. Motocin da ke shigowa yanzu kwamfuta ce ke raba musu mai da wuta, kuma na'urar gwaji a rubuce take ba da amsa. Matatar mai ta SORAZ, da ta fara aiki a 2011, tana nan kan hanyarmu ta zuwa Damagaram. Man da take tacewa injuna ne ke sha, kuma wanda ya fahimci inji shi zai ci moriyarsa. Mafita ita ce a haɗa biyun: aji da safe, gareji da yamma da lokacin hutu, in ya girma a nema masa cibiyar koyon sana'a ta CFM.

Malaman kimiyya na CEG kuma, ba sai kun jira ɗakin gwaji ba. Ku roƙi tsofaffin buji uku a gareji ku kai aji. Mai ruwan ƙasa-ƙasa lafiya yake ƙonewa. Mai baƙin hayaƙi yana nuna mai ya fi iska yawa, sau da yawa saboda ƙurar hunturu ta toshe matatar iska. Mai fari fat ya sha zafi fiye da kima. Ku sa ɗalibai su auna tazarar bakin, wadda a ƙananan babura take tsakanin milimita 0.6 da 0.7, sannan ku gayyaci makanike ya amsa tambayoyinsu na awa ɗaya. Da wannan kaɗai an taɓa konewa, zafi, lantarki da awo, kuma yaron da ke gyangyaɗi a bencin baya zai iya zama shi ne mai yi wa sauran bayani.